Yadda za ka duba ɗaliban TP ta waya idan annoba ta rufe makarantu

Da korona ta sa aka rufe makarantun Najeriya a watan Maris na 2020, ɗalibanmu na NCE, masu neman takardar shaidar malanta, da ya kamata su fita koyon aikin koyarwa, wato TP, suka zauna a gida, ba aji ba allo. Ga yadda na riƙa yi da nawa.

Ka ajiye Zoom, manhajar taro ta bidiyo, a gefe. Na kyautar minti 40 yake yi ya yanke, ga cin data, ga ɗalibin ƙauye da sai ya hau tudu kafin ya samu sabis. Buɗe zauren WhatsApp na mutum goma ko sha biyu. In suka fi haka, gaisuwa da addu'o'i za su binne aikin.

Aji kuwa yana cikin gida. Kowa ya tara ƙannensa da 'ya'yan yayyensa, ko uku ne sun isa, ba sai an kira na maƙwabta ba tunda an hana cuɗanya. Kwali ya zama allo, gawayi ya zama alli. Ya fara turo maka hoton tsarin darasinsa, in ka amince ya koyar na minti biyar zuwa bakwai, wayar tana gefe tana naɗar murya. Bidiyo nauyi gare shi, kuma kunne ya ishe ka.

Me za ka saurara? Wa ya fi magana, shi ko yaran. In ya yi tambaya, yana jira ko shi yake ba kansa amsa. Sannan "Kun gane?" ɗin nan da yara ke amsawa da "Eee!" baki ɗaya, ko da ba su fahimci komai ba. Ni na hana ta gaba ɗaya. Maimakonta ya ce, "Auta, zo ki yanka mana lemon nan gida biyu, ki nuna mana rabi."

Gyara a keɓe ake yinsa, da saƙon murya, kuma guda ɗaya tak. Faɗi wurin: "A minti na uku ka katse yaron nan yana tsakiyar amsa." Ya sake darasin, ya turo. Wanda ya yi kyau ne za ka sa a zaure, da izinin mai shi.

Tun farko ka tambayi kowa wayar wa yake amfani da ita. Ɗalibai mata da dama ta miji ce ko ta uba, don haka ku tsayar da lokaci, misali bayan la'asar, ban da saƙon dare. Wanda ya yi shiru kwana biyu, kira shi kafin ka rubuta masa fashi. Sau da yawa caji ne ya ƙare, ba wuta.

Iya riƙe aji mai yara saba'in dai ba a auna shi da ƙanne uku. Bar wannan makin a buɗe har a koma makaranta ka je ka zauna a bayan ajinsa.