Yadda direban babbar mota zai tabbatar da tsayin lodinsa kafin shiga hanyar ƙarƙashin gada

A cikin garin Maradi babu hanyar mota da aka haƙa ta ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa direbobi da yawa da masu kaya suke kula da nauyin lodi saboda sikelin kan hanya, amma ba su cika damuwa da tsayinsa ba. Sai dai motar da aka yi wa lodin wake ko aya a Maradi ba a Maradi za ta tsaya ba. Idan ta bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina zuwa kasuwar Dawanau, tana dab da birnin Kano, inda ake da hanyoyin ƙarƙashin gada a Ƙofar Ruwa da Kabuga da Gadon Ƙaya. Idan kuma ta nufi Yamai, akwai gadojin sama na Mali Bero da Diori Hamani. A duk irin waɗannan wurare, siminti da ƙarfe ne a bisa kan mota, kuma ba sa matsawa ko da taƙi ɗaya saboda gwanintar direba.

Abu na farko shi ne sanin ƙa'ida. Doka mai lamba 14 ta UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin Sefa, wadda aka zartar a shekarar 2005 kuma Nijar tana cikin ƙasashen da ta shafa, ta ƙayyade tsayin babbar mota daga ƙasa zuwa ƙololuwar kaya a kan mita 4, faɗinta kuma mita 2.55. Wannan iyaka ce ta gaba ɗaya. Kowace gada da kowace hanyar ƙarƙashin ƙasa tana iya samun tata iyakar, wadda ake rubutawa a allo mai da'ira da jan baki, da ƙananan alwatika biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, adadin kuma a tsakiya. Idan alwatikan suna hagu da dama ne, to maganar faɗi ake yi. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci ana raba adadin da waƙafi, kamar 4,30 m, wanda ke nufin mita 4 da santimita 30, kuma wanda ya ci karo da allon da aka rubuta da ƙafa ya riƙe cewa mita 4 ta ɗan haura ƙafa 13.

Awon kansa shi ne zuciyar aikin, kuma a ganina bai kamata mota ta bar wurin lodi ba sai an yi shi. A jira har 'yan dako su gama, a lulluɓa tamfol, a ja igiya a ɗaure, sannan a kai motar inda ƙasa take a daidaice, domin awon da aka yi taya ɗaya tana cikin rami ba abin dogaro ba ne. A samu doguwar gora miƙaƙƙiya wadda aka riga aka auna da mitar awo, aka yi mata alama da fenti a mita 4 da kuma kowane santimita 10 da ke sama da haka. Mutum ɗaya ya tsayar da ita a gefen mota, wani ya ɗora katako a kwance a kan wuri mafi tudu na kayan har ya taɓa gorar, na uku kuma ya ja baya ya karanta. A yi hakan a gaba da tsakiya da bayan tirela. Sau da yawa wurin da ya fi tsayi ba buhunan da aka biya kuɗinsu ba ne: ƙullin igiya ne, ko katifar yaron mota, ko keke da jarkoki da aka ɗora daga baya a bakin tasha. Duk abin da aka ƙara bayan awo ya rushe awon, sai an sake. Adadin da aka samu a rubuta shi da manyan lambobi a manna kusa da sitiyari, inda ido zai kai gare shi a daidai lokacin da allon hanya ya bayyana.

Masu ɗaukar kwantena suna da lissafi mai sauƙi da ya kamata su haddace. Kwantena ta yau da kullum tana da tsayin mita 2.59, doguwar kuma mita 2.90. Idan gadon tirela ya tashi mita 1.40 daga ƙasa, ta farko za ta ba da mita 3.99, ta biyu kuma mita 4.30. Ke nan tirela ɗaya da direba ɗaya za su iya wucewa lafiya a wannan mako, su maƙale a wuri guda a mako mai zuwa, saboda kawai an sauya kwantena.

Akwai abubuwan da ke sauya lissafi a kan hanya, kuma su ne suka fi yaudarar tsofaffin direbobi. Mota idan an sauke mata kaya sifirin ɗinta yana miƙewa, bodi ya ɗaga, don haka kwantenar da ta wuce a cike tana iya gogar rufi a dawowa babu kaya. Idan an ƙara shimfiɗa kwalta a kan tsohuwa, ko yashi ya taru bayan ruwan sama, titin ya tashi alhali allon yana nan da tsohon adadinsa. Haka kuma hanyar ƙarƙashin gada gangara ce da hawa, kuma a daidai lokacin da kan mota ya fara hawa yayin da tayoyin baya ke kan gangara, tsakiyar doguwar tirela tana yin nisa da ƙasa fiye da yadda aka auna ta. Saboda waɗannan dalilai, shawarata ita ce kada direba ya shiga sai tsakanin adadinsa da na allo akwai rarar da ba ta gaza santimita 15 zuwa 20 ba, kuma ya shiga a hankali, domin gudu yana sa kaya tsalle. A dogayen hanyoyin ƙarƙashin ƙasa na manyan birane, fitilu da wayoyi da manyan fankoki masu fitar da hayaƙi suna rataye a ƙasan rufin, su ne mota ke fara tsinkewa. A birnin Sidni na Ostareliya, inda iyakar hanyar da ta bi ta ƙarƙashin tashar jiragen ruwa take mita 4.4, har labulen ruwa ake saukarwa a ƙofar hanyar, a haska alamar tsayawa a jikinsa, saboda direbobin da suka ƙi jin gargaɗin farko.

Kafin tashi, a tambayi direbobin da suka bi hanyar kwanan nan, a san inda za a kauce. Kayan da ba sa rabuwa, kamar motar haƙa ko babban tanki, suna buƙatar tirela mai gajeren gado da izini na musamman daga hukumar sufuri, wani lokaci har da rakiya.

Idan kuwa an tsinci kai a bakin gada ana shakka, ko ƙarfen gwajin da ake ratayewa kafin ƙofar ya taɓa tamfol, a kunna fitilun gargaɗi, a tsaya, a ajiye alwatika a baya, a nemi jami'an hanya su tare motoci a yi ribas. Sace iskar tayoyi domin a kutsa yana lalata taya a ƙarƙashin nauyi, kuma abin da yake ragewa kaɗan ne. Abin da ya fi kowanne haɗari, wanda ake gani har a cikin unguwannin Maradi, shi ne a tura yaron mota bisa kaya ya ɗaga wayar lantarki da sanda. Kada direba ya yarda da haka ko da mai kaya yana gaggawa. A sauke layin buhuna na sama a wata ƙaramar mota, ko a sauya hanya.