Idan sabuwar kwamfutarka ta ƙi kama Wi-Fi

Kafin ka koma Kasuwar Dole ta Damagaram kana faɗa da mai shago, zauna ka gwada abubuwan nan. Yawancin kwamfutocin da ake kawo mini shago a Zango lafiyarsu ƙalau.

Fara duba alamar jirgin sama a ƙasan allo, gefen dama. In tana kunne, kashe ta.

Sai lambar sirri, kuma nan ne mutanenmu suka fi faɗawa. Injinan da ake saro mana daga Kano madannansu na Ingilishi ne, QWERTY, amma sai a saka masu Windows na Faransanci mai tsarin AZERTY. Ka danna A, Q ce za ta fito. Lambobi kuma sai ka riƙe Shift. Kana ta rantsuwa ka rubuta daidai, alhali abin da ya shiga daban ne. Danna ɗan idon da ke gefen akwatin ka ga abin da ka rubuta.

In sunan Wi-Fi ɗin bai bayyana ba ko kaɗan, kunna rabon intanet (hotspot) a wayarka ka gani. Ta kama na waya? To laifin na'urar da ke ba da Wi-Fi a gida ne: cire ta daga wuta, jira minti ɗaya, ka mayar. Katangar laka mai kauri irin ta Birni tana danne Wi-Fi mai zangon 5 GHz, gara ka zaɓi mai zangon 2.4 GHz in na'urar na da shi.

Idan ko na wayar ba ta gani, haɗa su da igiyar USB, ka kunna rabon intanet ta igiya, ka bar Windows Update ya sauko da manhajar katin Wi-Fi ɗin.