Darasi na 9: Yadda ake yi wa matar tsohon abokin aiki ta'aziyya

Idan ka ji rasuwar wanda kuka taɓa aiki tare, ka yi ƙoƙari ka je cikin kwanaki uku na zaman makoki. In labari bai iske ka da wuri ba, ka je duk lokacin da ka ji. Hantsi ko bayan la'asar ya fi dacewa.

Fara da maza a ƙofar gida, ka yi wa mamaci addu'a tare da su. Sannan ka nemi wani ɗan gidan ya yi maka iso. Matar tana cikin takaba, wata 4 da kwana 10, in kuma tana da ciki har sai ta haihu. Saboda haka namiji ba ya kutsa kai ɗakinta. Ka tsaya bakin ƙofa, ko ka tafi da maiɗakinka ta shiga a madadinku.

Mai yiwuwa ba ta san fuskarka ba, don haka ka faɗi sunanka da inda kuka yi aiki da marigayi. Sai ka ce: "Hajiya, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari." Za ta amsa da "Amin, Allah ya ba da lada." Ka ambaci halinsa na kirki guda ɗaya da ka sani. Minti 10 ya isa. Kada ka tsare ta da tambayar yadda ya cika, don ta riga ta maimaita wa mutane da yawa, kuma kowane maimaici fami ne. In matan biyu ne ko fiye, a fara da uwargida, a gaishe da kowacce, abin hannu kuma a raba daidai.

Kuɗin gaisuwa a sa a ambulan, a miƙa mata ta hannun mace ko ɗanta. Wanda aka bayar a rumfar maza yakan ƙare wajen ciyar da baƙi, ita ba ta gani ba. Shinkafa, mai da sabulu ma suna da amfani ƙwarai.

Akwai abin da kai ka sani, dangi ba su sani ba. In marigayi yana bin ka bashi, ko kana bin sa, ko yana da zubin adashi a wurin aiki, ka sanar da babban gidan bayan an tashi daga makoki, a gaban shaidu, domin sai an biya bashi ake rabon gado. Haka batun haƙƙoƙinsa na aiki da fansho. Za a nemi takardar shaidar mutuwa, sau da yawa har da takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci. Mai takaba ba ta iya zirga-zirgar ofisoshi, kuɗin marayu kuwa kan maƙale a nan. Ka raka wakilin iyalin, ka nuna masa ofishin da ya dace.

Aikin gida: Rubuta addu'o'i uku da ake yi wajen ta'aziyya. Me ya sa ake biyan bashi kafin rabon gado?