Darasi na 9: Ciwon Gaban Gwiwa

Ku ɗora hannu a kan gwiwarku. Ƙashin nan mai motsi da ke gaba shi ne ƙoƙon gwiwa. Duk lokacin da kuka lanƙwasa ƙafa, yakan zame sama da ƙasa a kan ƙarshen ƙashin cinya. Tsokar cinya ce ke jan sa, tsokar kwankwaso kuma ita ke hana cinyar karkacewa ciki. Idan tsokokin nan sun yi rauni, ko aka ɗora musu aikin da ba su saba ba, sai gaban gwiwa ya fara ciwo.

An fi sanin ciwon da masu gudu, irin samarin da ke sammakon motsa jiki a wajen filin wasa na Baba Yara a Kumasi. Amma bai tsaya gare su ba. Yana kama 'yar kayayo mai hawa da saukar benen kasuwar Kejetia da kaya a ka. Yana kama tela a Asawase da ke wuni a kan keke. Zafin yakan taso wajen saukowa daga bene, ko tsuguno, ko tashi daga sujada, ko bayan dogon zama a mota.

Mutanenmu sun fi yarda da man zafi da ƙwaya. Suna rage raɗaɗi, amma ba sa ƙara wa tsoka ƙarfi, kuma ƙarfin ne magani. Tiramol kuwa, don Allah ku nisance shi.

Ga abin da likitocin gashi, wato masu gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, ke koyarwa. Ku kwanta rigingine a kan tabarma. Ku lanƙwasa ƙafa ɗaya, ku miƙe mai ciwon sambal. Ku ɗaga ta a hankali har ta kai tsawon ɗayar gwiwar, ku ƙirga 5, ku sauke. Ku yi sau 10. Sai ku juya gefe, mai ciwon tana sama, ku ɗaga ta sau 10, kada ƙugu ya kife baya. Za ku ji gefen ɗuwawu ya ɗau zafi. Nan ne aikin yake.

Sauƙi yakan ɗauki mako 6 zuwa 12. A tsakanin nan a rage gudu da hawan bene, amma kada a kwanta gaba ɗaya. Wanda sujada ta gagare shi, shari'a ta yarda ya yi salla a zaune.

Idan gwiwa ta kumbura, ta yi zafi rau da zazzaɓi, ko ta maƙale, ko kun kasa taka ƙafar bayan faɗuwa, ku bar motsa jikin ku tafi asibiti ran nan. Asibitin koyarwa na Komfo Anokye yana da sashen gashi.

Aikin gida: ku rubuta ranakun mako a littafinku. Duk ranar da kuka yi motsin nan, ku sa alama, ku kawo wa malam ya gani.