Yadda za ka yi fil wok da wayarka idan an tura ku auna tsofaffin gine-gine

'Yan akitekca da 'yan tsara birane na ABU ko BUK, in lakcara ya ce ku shiga cikin birnin Zariya ko Kano ku ɗauko bayanan gidajen ƙasa, to aikin tun a hostel yake farawa.

Ka sauke KoboCollect, manhajar cike fom ɗin tattara bayanai ce a waya, kyauta ce, ka tsara fom ɗinka a shafin KoboToolbox a kwamfuta sannan ka jawo shi cikin waya tun kana inda akwai netwok, don bayan haka ko babu data zai yi aiki, in ka dawo sai ka tura. Tambayoyin su zama na zaɓi: bangon tubali ne ko bulo, rufin azara ne ko kwano, akwai zankwaye (tsinin ado na saman gini), indararo na aiki ko ruwa ya fara cin bango. Dogon rubutu da babban yatsa cikin rana wahala ce kawai.

Ka kunna lokeshan a kyamara. GPS ɗin waya yakan kauce da mita 3 zuwa 5 ko a fili ne, balle a lungu mai dogayen katangu, saboda haka ka fito inda sama take a buɗe ka ɗan tsaya sai lambar kuskuren GPS da KoboCollect ke nunawa ta sauko kafin ka danna. Su kuma manhajojin awo da kyamara, don Allah kar ka dogara da su wajen kaurin bango ko tsayin ɗaurin guga (rufin ɗaki mai baka), tef ɗin awo da littafin zane su ne na gaskiya. In za ka ɗauki tsagewar bango ka kara biro ko rula a jiki a san girmanta.

Kafin ka ɗaga waya ma, ku fara zuwa wurin mai unguwa da takardar dipatmen, ku gaisa da mai gida a zaure ku faɗi abin da ya kawo ku. Gida in ba a shiga to ba a shiga, sai ku roƙa a bar 'yan matan ajinku su auno tsakar gida, kuma kar a ɗauki hoton kowa sai ya yarda.

Pawa bank dole ne, wayar kuma a aljihu in ba aiki take ba don zafi na kashe ta. Da daddare ka zuba komai a Google Drive. In ta WhatsApp za ka tura wa 'yan gurup, ka tura a matsayin dokumen, in ba haka ba zai matse hoton ya goge lokeshan ɗin.