Waya Ɗaya da 'Yar Sifika: Yadda Nake Taimakon Yaran da Karatu Ke Ba Wuya

Aji uku nake koyarwa a wata firamare da ke Unguwar Rogo, nan Jos. Kowace shekara sai na tarar da yaran da suka haddace baƙaƙe kamar waƙa, amma in na rubuta "gida" a allo sai su sunkuyar da kai. Ba mu da kwamfuta. Abin da nake da shi wayata ce da 'yar sifika da na saya a kasuwar Taminus.

Ku fara da gano inda yaro ya maƙale. Ku kira shi shi kaɗai, ba a gaban 'yan aji ba, ku nuna masa baƙi, sai gaɓa irin ba, bi, bu, sai kalma, sai jimla. Inda ya tsaya, nan aiki zai fara.

Labarai kuwa ba sai kun saya ba. Shafukan intanet na African Storybook da Bloom Library suna da na Hausa kyauta, ana sauke su ranar da ake da data.

Babban aikin shi ne ɗaukar murya. Da daddare in gida ya yi tsit, nakan zaɓi labari mai layi shida, in karanta shi a hankali cikin waya, in ɗan dakata bayan kowace jimla. Washegari in kwafe shi a kwali da manyan haruffa, in zaunar da yara biyar a tabarma, in kunna. Sharaɗina ɗaya ne, yatsa yana kan kalmar da ake faɗa. Yaron da ya ɗauke yatsa saurare kawai yake yi, kuma da sauri zai haddace labarin ya ruɗe ku. Sau uku muke ji, na huɗu in kashe sifika su karanta da bakinsu. Ku sa wayar a yanayin jirgi, don kira ɗaya ya isa ya watsa hankalinsu.

Daga nan ku ɗauki muryar yaron. Akwai wani da in ya ga "ɗaki" sai ya ce "baki", domin b, ɓ, d da ɗ duk kamanni ɗaya suke masa. Na sa Hausa a Gboard, wato manhajar madannan rubutu ta waya, na rubuta harafi ɗaya, na ƙara girmansa har ya cika fuskar wayar, shi kuma yana bi da yatsa. Da na kunna masa muryarsa ya ji, da kansa ya ce, "Malama, ɗaki ne ashe." Gyaran da ya fito daga bakinsa ya zauna fiye da duk wanda na yi ta yi masa.

A Turanci ina amfani da manhajar koyon karatu ta Google mai suna Read Along. Tana sauraron yaro, ta taimake shi in ya kakare, kuma tana aiki ba intanet in an sauke labaran. Sai dai hayaniya tana rikita ta, gara a kai yaro lungun da ba surutu.

Ranar Juma'a nakan tura wa iyaye karatuna ta WhatsApp, marasa data kuma ta Xender in sun zo ɗaukar yara. Muryar yaro kam uwarsa ko ubansa kaɗai nake turawa. Ba na sa ta a zauren iyaye na WhatsApp, don kada a mayar da tuntuɓensa abin dariya a unguwa.