In an kama ɗan uwanka ran Juma'a da dare a Amurka, ga yadda beli ke tafiya

Kotu ce ke hutun Asabar da Lahadi, gidan kaso kam baya rufewa, a yawancin gundumomi dare da rana ana karɓar beli, don haka kar ka zauna jiran Litinin.

Fara duba shafin gidan kason na intanet ko ka buga musu waya da cikakken sunansa da ranar haihuwa. In baka ga sunan ba kar hankalinka ya tashi, sai sun ɗau hotonsa da zanen yatsu sun shigar a kwamfuta tukuna, kuma ran Juma'a da dare cunkoso ake sosai, abin kan ci awanni.

Ƙaramin laifi galibi akwai jadawalin kuɗi a rubuce, kana biya shikenan. Babban laifi kuwa a wurare da yawa sai alƙali ya gan shi. Kotun Ƙoli ta yanke a 1991 cewa wanda aka kama ba waranti dole alƙali ya duba dalilin kamun cikin awa 48 har da ranakun hutu, shi ya sa wasu wuraren ake zama ta bidiyo ko ran Lahadi.

Batun kuɗi nan nake so ka nutsu don Allah. In ka biya duka da kanka ana dawo maka da shi muddin ya halarci kotu, amma dillalin beli, wato mai tsaya maka a kan kuɗin belin don lada, kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin yake karɓa kuma kuɗin baya dawowa, ga shi wani lokaci har jinginar mota ko gida yake nema. Kafin ka biya ko sisi tambayi ko akwai wani waranti a kansa ko riƙon hukumar shige da fice, in akwai ko ka biya ba lallai ya fito ba.

Jihar Illinois ta soke belin kuɗi tun 2023, can 'yan sanda na iya sakin mai ƙaramin laifi, in ba haka ba alƙali ne zai ce a sake shi ko a riƙe.